INA MA'ANAR SUNANKA? Godwin da Takwarorinsa

 

Takardar da za mu duba a wannan wata ta fito daga hannun wata 'yar'uwa da ke zaune a Unguwar Romi, nan kudancin garin Kaduna. Ta roƙa kada a faɗi sunanta, mun kuwa yarda. Bayan shekara shida da aure Allah ya ba ta ɗa namiji, amma murnar tana nema ta zama rigima. Surukinta, wato mahaifin maigidanta, sunansa Ibrahim, tun cikin yana ƙarami ya sa rai za a yi masa takwara. Maigidan kuwa ya kafe, ya ce Godwin zai sa wa ɗansa. Hujjarsa biyu ce. Ta fari, wai ma'anar sunan ita ce "Allah ya yi nasara," ga shi kuwa an daɗe ana yi musu gorin haihuwa. Ta biyu, ba ya so yaron ya tashi da sunan da in an ji shi sai an sake tambaya ko shi na wane gefen kogi ne. Tsoho ya ji haushi, ya ce in haka ne ba za a ga ƙafarsa a majami'a ranar miƙa yaro ba. Ita ce a tsakiya, ba ta da bakin magana. Tambayarta gajeruwa ce: "Malam, mene ne ainihin ma'anar Godwin, daga ina kuma ya fito?"

To, 'yar'uwa, barka da sauka lafiya, Allah ya raya. Ki kira maigida ku karanta tare, gama amsar ta fi shafarsa.

Abu na fari, ma'anar Godwin ba "Allah ya yi nasara" ba ce. Na san maganar za ta yi wa mutane da yawa nauyi, domin kusan duk wanda ka tambaya a kasuwar Sabon Tasha haka zai fassara maka. Kunne ne ya raba sunan gida biyu, God wato Allah, da win wato cin nasara. Da mawaƙin nan Korede Bello ya fitar da waƙarsa mai suna Godwin a shekarar 2015, aka yi ta kaɗa ta a wurin biki da cikin motocin haya, sai fassarar ta ƙara zama daram. A Turancin buroka tana da kai, ba musu. Amma sunan ya girmi buroka. Ya girmi ma irin Turancin da muke koya wa yara a aji.

Kakannin Ingilishi sun ƙetaro teku ne daga arewacin Jamus da ƙasar Danmak wajen ƙarni na 5, suka zauna a tsibirin da yanzu ake kira Ingila. Harshensu na lokacin, in aka karanta wa Bature na yau, ba zai gane ba sai ya koya kamar baƙon harshe. Al'adarsu ce su haɗa kalma biyu su yi suna ɗaya. A wannan tsohon harshe ana rubuta sunan Godwine, ana kuma furta wasalin ƙarshe, wato God-wi-ne. Kalmar nan wine ba ruwanta da ruwan inabi, ba ruwanta da cin nasara. Ma'anarta aboki, amini, wanda yake tsaya maka. Kalmar ta mutu a bakin Turawa tun da daɗewa, wata ta maye gurbinta, amma ta maƙale a wutsiyar sunaye. Ita ce a Edwin, wato abokin arziki. Ita ce a Baldwin, aboki mai ƙarfin zuciya. Godwin kuwa, abokin Allah.

Akwai ɗan ƙarin bayani da mai jin Hausa zai gane da sauri fiye da Bature. Mu kan rubuta gari, muna nufin inda mutane suke zaune, mu kuma rubuta gari, muna nufin abin tuƙa tuwo. Baƙaƙen ɗaya ne, jan wasali ne ya raba su. Haka tsofaffin marubutan Ingila suke rubuta god ga Allah, su kuma rubuta god ga abu mai kyau, sai a baki ake jan na biyun. Saboda haka wani Godwine na dā abokin Allah ne, wani kuwa abokin kirki, daga nan ne aka sami sunan dangi Goodwin. Ko ta wace hanya aka bi, abuta ce a ciki. Nasara ba ta ciki.

Wanda ya fi kowa shahara da wannan suna a tarihin Ingila wani babban hakimi ne, Godwin na ƙasar Wessex. Sarki Kanut, mutumin Danmak da ya ci Ingila da yaƙi, shi ya ɗaga shi wajen shekarar 1020, ya kuma auri mace daga manyan gidajen Danmak. Ya yi ƙarfi har ya zama ba a naɗa sarki sai da saninsa. A shekarar 1036 wani ɗan sarki mai suna Alfred ya komo daga gudun hijira. Godwin ya tarye shi kamar baƙo, daga baya aka kama shi aka miƙa wa abokan gābansa, suka ƙwaƙule masa idanu, ya mutu. Godwin ya yi ta rantsuwa cewa umarni ya bi, amma zargin bai bar shi ba har kabari. Da ɗan'uwan marigayin, wato Edward, ya hau gadon sarauta, sai ga shi dole ya auri 'yar Godwin a 1045. Zaman doya da manja suka yi. Sarki ya kore shi daga ƙasar a 1051, ya komo da jiragen yaƙi a 1052, aka mayar masa da sarautarsa ba don ana so ba. A lokacin Ista na 1053 yana cin abinci tare da sarki a garin Winchester ya yanke jiki ya faɗi, bayan 'yan kwanaki ya cika. Ku duba fa, wannan shi ne abokin Allah mafi suna a Ingila. Hausawa sun ce suna linzami ne, amma sun kuma ce hali zanen dutse.

Ɗansa Harold ya zama sarki a Janairun 1066. Bai cika shekara ba. Ran 14 ga Oktoba na wannan shekara William, mai mulkin Nomandi ta arewacin Faransa, ya ƙetaro da dawakai, aka gwabza a kusa da Hastings, aka kashe Harold da ƙannensa biyu a rana ɗaya. Da a ce sunan gidan yana nufin nasara ne, da ranar nan ta ƙaryata shi.

Abin da ya biyo baya shi ne ya kamata mu iyaye mu lura da shi. A 1086 Sarki William ya sa aka zaga ƙasar aka rubuta gonaki da garmuna da dabbobi da masu su, kamar dai yadda ake ƙidayar haraji da jangali a nan dā. Littafin yana nan har yau. A cikin mutanen da ya ce su ne masu ƙasa kafin yaƙin, Godwin yana cikin sunayen da suka fi yawa. Amma sababbin masu mulki Faransanci suke ji, sunayensu kuwa William, da Robert, da Richard, da Henry. Ba wanda ya kafa doka a kan suna. Talaka ne da kansa ya duba ya ga masu irin waɗannan sunaye su ne a fada, su ne a kotu, su ne manyan ikilisiya, sai ya fara sa wa ɗansa William. Kafin shekara 200 tsofaffin sunayen sun kusa ƙarewa. Edward ya tsira domin wani sarki ya sa wa magajinsa sunan a 1239. Alfred, da Edwin, da Harold, da Edith sai a ƙarni na 19 aka tono su aka karkaɗe, daidai lokacin da 'yan mishan suke shigowa ƙasashenmu. Godwin bai sami wannan sa'a sosai a gida ba. A Ingila ta yau ka fi jinsa a matsayin sunan dangi. In ka ji an kira wani Godwin a titin Landan, kada ka yi mamaki in ya juyo ka ga ɗan Nijeriya ne ko ɗan Gana.

Wannan ba baƙon labari ba ne a ƙasar Hausa. Sarakunan Kano na farko Bagauda ne, da Warisi, da Gijimasu. Da Musulunci ya kafu sai ga Muhammadu Rumfa, ga Abdullahi. Sunan masu iko da masu ilimi shi ne ya kan bi gari.

Ga kuma wani abin da ba kowa ya sani ba. Bishara ta isa wurin Ingilishi a shekarar 597, amma ba su zubar da sunayen kakanninsu a bakin ruwan baftisma ba. Sarki Edwin na arewacin Ingila an yi masa baftisma a garin York a 627. Da Edwin ya shiga ruwa, da Edwin ya fito. Sun yi ɗaruruwan shekaru suna Kirista kafin su Yohanna da Bitrus da Maryamu su yawaita a cikinsu. Alfred ma, in ka fassara shi, shawarar iskoki ke nan, gama kashin farko na sunan wasu ƙananan aljanu ne da kakanninsu suka gaskata da su. Da wani Bamaguje zai zo ajin baftisma da suna mai irin wannan ma'ana, da dattawa sun ce ya sake. Don haka abin da muke kira "sunan Kirista" sau da yawa sunan gargajiyar wata kabila ce kawai, wadda ta riga mu jin bishara.

A nan Nijeriya sunan ya fara yaɗuwa ne a kudu. Dattawa za su tuna da Godwin Alabi-Isama cikin hafsoshin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Masu son ƙwallo kuma ba su manta da Godwin Odiye ba, wanda tsautsayi ya sa ya jefa ƙwallo a ragarmu ranar karawa da Tunisiya a Legas a 1977, muka rasa zuwa gasar kofin duniya, ko da yake yana cikin waɗanda suka ɗauko mana kofin Afirka a 1980. Na baya-bayan nan akwai Godwin Emefiele da ya riƙe Babban Banki daga 2014 zuwa 2023, da Godwin Obaseki da ya yi gwamnan Edo daga 2016 zuwa 2024. Ba abin mamaki ba ne da sunan ya sami ƙasa mai taushi a wurinmu, gama mu mutane ne masu son sa Allah a cikin suna. Bayarabe yana da Olusegun, wanda shi ne ainihin "Ubangiji ya yi nasara." Inyamuri yana da sunaye masu Chukwu, Gbagyi masu garin nan suna da sunaye masu Shekwo. Da kunnen ɗan Nijeriya ya ji God a gaban suna, sai ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya yi masa sabuwar fassara, ya kuma haifa masa ƙanne irin su Godswill da Godspower.

Kudancin Kaduna kuwa tukunya ce da aka zuba kowane irin suna. Jirgin ƙasa ya kawo wasu. Masaƙar Kakuri ta farko ta buɗe a 1957, wasu masaƙu suka biyo baya, kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a 1975, matatar mai ta zo a 1980. Mutumin Binuwai, da na Filato, da na kudancin Zariya, da na Kano, da na gabas suka zauna gida ɗaya a Kakuri da Makera da Nasarawa, matansu suna aron gishiri, suna kuma aron suna. Ina duba rajistar ajina in ga tarihi a layi ɗaya. Sunan kaka na yare ne, ko kuwa irin su Tanko, da Gambo, da Ɗanladi. Sunan uba Bulus, ko Musa, ko Yakubu, ko Istifanus, yadda Littafi Mai Tsarki na Hausa ya kawo su tun fitowarsa a 1932. Sunan yaro kuwa Favour, ko Miracle, ko Destiny, ko Godwin. Su Alheri, da Godiya, da Murna, da Dogara suna nan, amma suna ja da baya.

Yanzu sai hujjar maigida ta biyu. Ba zan yi masa dariya ba. Duk wanda yake garin nan a Fabrairun 2000, ko Nuwamban 2002, ko Afrilun 2011, ya san akwai ranakun da aka tare hanya ana tambayar mutum sunansa, amsar kuma ta zama rai ko mutuwa. An yi haka a wannan gefe, an yi a wancan. Bayan haka ne mutane suka kwashe kaya, waɗansu suka ƙetaro gada zuwa kudu, waɗansu suka haura arewa, kogin da dā wurin wanki ne ya zama iyaka. Uban da ya ga wannan da idonsa, in ya ce yana so sunan ɗansa ya nuna inda ya fito, tsoro ne na mai ƙauna. Sai dai ina roƙonsa ya yi tunani kaɗan. Yaron nan ba a Romi zai ƙare kwanakinsa ba. Zai je babbar kasuwa, zai shiga mota a Kawo, watakila ya yi karatu a Zariya, ya yi bautar ƙasa a Sakkwato. Sunan da ya rufe shi a wannan unguwa shi ne zai tone shi a waccan. Suna ba ya zama garkuwa. Ibrahim kuma ba aro muka yi ba, yana cikin Littafin Farawa. Mutanen Wusasa ba su ji kunyar irin waɗannan sunaye ba, ga Yakubu Gowon, ga Farfesa Ishaya Audu, ga Dakta Barau Dikko wanda babban asibitin cikin gari yake ɗauke da sunansa. Marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, wanda ya mulki jihar nan daga 2010 har rasuwarsa a Disamban 2012, da Ibrahim ɗinsa ya yi ta yawo, ba wanda ya rasa sanin ko shi wane ne.

To, wa aka fara kira abokin Allah? Ku buɗe Yakubu 2:23, ku duba Ishaya 41:8, da 2 Tarihi 20:7. Mutum ɗaya ne aka ba wannan laƙabi a wurare ukun nan, shi ne Ibrahim. Maƙwabtanmu Musulmi ma haka suke kiransa, Halilullahi, wato aminin Allah, har garin Hebron inda kabarinsa yake Larabawa suna ce da shi Al-Halil. Shi ya sa a gidan Bahaushe, in aka sa wa yaro Ibrahim don a yi wa kaka takwara, uwar da ba za ta iya kama sunan surukinta ba sai ta riƙa kiransa Halilu. Ashe Godwin na Sabon Tasha da Halilu na Tudun Wada takwarorin juna ne, ba su sani ba. Suna da wasu takwarorin kuma. Reyuwel, surukin Musa, ma'anar sunansa da Ibrananci ke nan. Tiyofilas wanda Luka ya rubuta wa littattafansa biyu, ma'anar sunansa da Helenanci ke nan, Janar Theophilus Ɗanjuma ma yana cikin layin.

Saboda haka, 'yar'uwa, Baba da maigida suna jan igiya ɗaya ne, kowa ya riƙe bakinsa. Shawarata, a sa wa yaro Ibrahim Godwin. Baba ya sami takwaransa. Ke kuma kin sami abin da za ki kira ɗanki a tsakar gida ba tare da kin kama sunan surukinki ba, gama Godwin shi ne Halilun Turanci. In kuma maigida ya ce shi dai lalle sai ya ji ƙamshin nasara a sunan, to, a gaya masa kirarin Ibrahim a ƙasar Hausa shi ne Cigari, kamar yadda ake yi wa Sarkin Kano Ibrahim Dabo. Amma kada ke ki kai wa Baba wannan magana. Maigida ne zai je da kansa, da ɗan goro ko abin da aka saba kai wa dattijo a gidansu, ya durƙusa ya faɗa masa. Tsoho ba fassara yake nema ba, so yake a nuna ana tunawa da shi.

Kalma ɗaya ta malamin makaranta ga dukan masu sa suna biyu ko uku. Ku zaɓi jeri ɗaya tun ranar da za ku karɓi takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidayar Jama'a, ku kuma tsaya a kansa. Kada ya zama Ibrahim Godwin a takardar haihuwa, Godwin Ibrahim a katin baftisma, Goddy a rajistar firamare. Tun 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambarsa ta ɗan ƙasa, in sunaye suka saɓa kuwa sai a shiga zirga-zirgar kotu da takardar rantsuwa, wani har lokaci ya ƙure masa. Kowace shekara sai na ga uwa tana hawaye a ƙofar ofis saboda harafi ɗaya. Ku rubuta sunan da manyan baƙaƙe a takarda ku miƙa wa akawu, kada ku faɗa masa da baki.

Mata sun yi ƙorafi cewa filin nan ya cika ɗaukar sunayen maza. Wata mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu, za mu ɗauki Edith, sunan 'yar Godwin ɗin nan da ta auri sarki, wanda rabinsa arziki ne, rabinsa kuwa yaƙi. Mai tambaya a kan wani suna ya aiko ta hannun edita, ya kuma faɗi garin da yake.